Aikinmu Kallo Ne

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ki ce mata ina ci ina ƙoshi. Rabin maganar gaskiya ne.

Kin san aikin da ya kawo ni: tawagar sa ido kan tsagaita wuta tsakanin ƙasashen nan biyu. Akwai wata dattijuwa da ke yi mana wanki. Shekaranjiya sojoji suka tafi da ita, wai an gan ta tana hira da mu. Har yanzu rigata na kan igiyar shanyarta.

Na sami shugaban tawaga a ofis. Ya ce, "Malama, aikinmu kallo ne, ba ma taɓa kowa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kimiyyar da na karanta, ko ƙwayar zarra ba a auna ta a bar ta yadda take. Kallon ma taɓawa ne. Balle mutum."

Ya yi murmushi. "Madalla! Rubuto mana wannan, mu tattauna a taron baɗi."

Kada Inna ta ji, amma barikin zan je da kaina, ku sa ni a addu'a. Hular tawagar kuwa, a teburinsa na ajiye ta, na ja masa ƙofa a hankali.

Ƙanwarki