Kududdufin Bayan Gidan Hure

Daga Kademi

Maigidana Abdulmumin, miji marar cefane,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Bayan haka, taron jin ra'ayin jama'a da kwamitinku ya kira, wane mai hankalin ne ya sa shi ranar kasuwar Ajingi? Mu bakwai muka je, har da kurma. Na miƙe na ce kada ku cike kududdufin bayan gidana ku yi tasha, don nan duk ruwan unguwa yake kwana da damina. Sai ka washe baki ka ce, "Kakata ce, wasa muke." Aka yi dariya, aka miƙo mini lemo. Ni ƙishirwa na ce ina ji?

Da rani kuka zo awo, me za ku gani in ba busasshen rami ba?

Allah ya shirye ka.
Matarka, Hure

*

Daga Gaya

Uwargida ran gida,

Ina gaisuwa. Injiniya ya ce magudana ɗaya ta isa, kuma an rubuta cewa jama'a sun amince. Na san kishi kike, kada 'yan matan tasha su ƙwace ni. Litinin tifofi za su fara zuba ƙasa.

A huta lafiya.
Angonki

*

Malam Abdulmumin Tukur,

Assalamu alaikum. Ni ce Hure, mazauniyar Kademi. Shekarar da na haifi mahaifinka, shara kawai ta toshe bakin ramin nan, ruwa ya rushe ɗaki tara. A cikin ƙwarya na fito da jaririn, a ka, ruwa iya ƙirjina. Ban amince ba. Gida goma sha ɗaya ma ba su amince ba, ga dangwalen yatsunsu a bayan takarda.

Wassalam.
Hure Adama

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Tunda nake ba ki taɓa ce mini Malam ba. Sau uku na karanta ina neman tsiya, ban samu ko ɗaya ba. Na kai wa shugaban kwamiti takardar, an tsayar da tifofi. Laraba za a sake taro a bakin ramin, ke za ki fara magana.

Yaushe zan zo biko?

Jikanki

*

Ɗan nema,

Biko sai na ga abin da Laraba ta haifa. Ka zo da injiniyan, katangata za ta nuna masa inda ruwa ya tsaya.

Kada a kawo lemo.

Hure