Kwabon matacce a rufin ɗakin Inna

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin ka taimaka ka sa min wannan ba tare da sunana ba, akwai 'yan unguwarmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin Asabar, in ta wuce shawarar ba za ta amfane ni ba.

Ni ɗan Kontagora ne, malamin firamare, ni ne auta kuma ni nake zaune da mahaifiyarmu Inna a gidan da marigayi Baba ya gina. Baba fataucin hatsi yake yi, yana saro dawa a Rijau da Dukku. Lokacin da aka yi canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira, ciwo ya kwantar da shi a Dukku, kafin ya miƙe an rufe canji, ya tashi da jaka guda ta kwabo mai huji wanda ko ƙosai ba zai saya ba. Baba kuwa ba ya zubar da abu. Shekarar da aka ba mu jihar Neja ya zo rufa gida, washar da ake sa wa ƙusa don tare ruwa ta yanke wa kafinta, sai ya ɗauko jakar ya zazzage ya ce ga washa nan. Shi ya sa kowace ƙusa a kwanon gidanmu ta cikin kwabo ta bi. Inna ta ce ita take miƙa su a faifai, da goyon Yayanmu a bayanta.

Ni na jawo mana wannan abu, ba zan ɓoye ba. Wata biyu da suka wuce na hau gyaran eriya, kwabon da ke kan kwanon ya burge ni na ɗauki hoto, na sa a wani shafi na kayan tarihi har da sunan unguwa, ina neman layik. To na samu. Kwana uku wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida, ya zo da mota mai baƙin gilas, ya ce a kira shi Alhaji kawai. Ya ce kwabon 1959, waɗanda aka yi ta kashewa bayan 'yancin kai, ba su da wata daraja don sun cika duniya. Abin da yake nema yana cikin tsofaffin na Turawa da suka gauraya da su. Wai a 1956 masu buga kuɗi sun yi kuskure, suka buga wasu da sunan sarkin Ingila da ya riga ya mutu shekara huɗu, maimakon sunan 'yarsa da ke kan sarauta. Ya ce su kwabon matacce suke ce masa, kuma guda ɗaya ya isa a sayi mota.

Matsalar ita ce shekara tana fuska ɗaya, suna yana ɗaya fuskar, ba yadda za a yi ka gane sai ka zare ƙusa ka juya kwabon. Kwanon nan kuma tsatsa ta cinye shi, kwabon ne kaɗai ke riƙe da shi, in ka zare sai wajen ya yage. Alhaji ya ce ba ya ba da ko sisi sai an samu.

Na bincika a waya, kuskuren gaskiya ne, masu tara tsofaffin kuɗi suna nemansa, amma abin da na ga ana saye ko kusa bai kai abin da ya faɗa ba. Tun daga nan na fara zarginsa. Me zai sa mutum ya taya abu sama da kuɗinsa? Ga shi bai taɓa kirana da lamba ɗaya sau biyu ba, kuma zuwansa na biyu, ba tare da ya shiga gidan ba, ya nuna ɗakin Inna da baki ya ce wancan aka fara rufawa ko. Haka ne kuwa, amma ni ban gaya masa ba.

Kalmar matacce ita ta ƙara ɓata lamarin. Ta fita unguwa, kowa ya ɗora nasa, wasu su ce na tsafi ne, wasu su ce Baba asiri ya kafa a rufi. Yanzu mutum sai ya zo wucewa ya tsaya yana kallon saman gidanmu. Wata safiya na tarar da sawun tsani a bangon baya, an zare ƙusa biyar.

Yayanmu shi ne babba, sana'arsa ta tsaya, tunda ya ji zancen mota ya daina jin komai. Ya ce a kwashe kwanon duka, in an samu sai a yi wa Inna sabon rufi. Na ce in ba a samu ba fa, ga damina ta kama? Ya ce baƙin ciki nake masa, albashi ya sa ban san zafin nema ba, kuma gidan gado ne, yana da haƙƙi. Mun yi cacar baki sosai har maƙwabta suka shigo. Ƙarshe ya ce ya yi magana da kafinta, Asabar za su fara, daga ɗakin Inna. Inna ta haura tamanin, idonta ya tafi, ga hawan jini. Da ya je lallashinta a kan ta koma gidansa na ɗan lokaci, cewa ta yi su yi haƙuri a fitar da ita a makara tukuna, sai su buɗe. Tun ranar abincinta bai wuce koko ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Talata da hantsi na hau don in mayar da ƙusoshin da ɓarayi suka zare, sai idona ya kai kan wani a saman ɗakin Inna, 1956 ɓaro-ɓaro. Shaiɗan ya ce duba kawai. Na zare, na juya, sunan sarki ne. Na jefa shi a aljihu, na mayar da ƙusar haka nan babu komai a ƙarƙashinta.

Jiya bayan la'asar aka yi ruwa. Ina shiga ɗakin na tarar yana ɗiga daidai kan gadonta, zanenta ya jiƙe, tana zaune ta tara hannu tana jin ɗigon. Ta ce an fara ke nan. Ta tambaye ni, "Auta, wa ya taɓa min kwano?" Na ce ban sani ba Inna. Sai ta ce ko wane ne ba ta yafe ba, Allah ya isa tsakaninta da shi. Ta juyo da fuskarta wajena tana jira, kamar yadda take yi in ta yi addu'a. Na ce amin.

Jama'a ina cikin tsoro. In na nuna wa Yaya zai ce akwai saura, ko ƙusa ɗaya ba zai bari ba. In na kai wa Alhaji a ɓoye ya san inda ya fito, ban san da wa zai dawo ba. In na mayar na yi shiru, Asabar tana nan tafe. In kuma na durƙusa na gaya wa Inna, ni kaɗai ta yarda da ni a gidan nan, ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. Ta ina zan fara? Kuma malaman da ke cikinmu ku gaya min gaskiya, Allah ya isar uwa da ɗa ya amsa da bakinsa, mayar da kwabo yana ɗauke ta?