Ku Ba Ni Hoton Cikin Mijina

Zuwa ga Shugaban asibitin da ke riƙe da hoton cikin mijina,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu dai a nan Hadejia ba mu da ita.

Ni malamar makaranta ce. Mijina, Malam Bukar, manomin shinkafa ne a fadamar Auyo. Da idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, ya rame, likita ya ce yana zargin ciwon daji a wata tsoka da ke bayan tumbi, wai ita fankiriyas. Ya ce ba zai sa wuƙa ba sai ya ga hoton ciki, ya san ko ciwon ya kama jijiyoyin jini. Muka zo wurinku farkon damina, aka ɗauka.

Na ɗaya. Na dawo karɓar hoton, akawunku ya ce ba a ba mace, sai majinyacin ko namiji daga danginsa. Na ce ya nuna mini inda aka rubuta haka. Ya ce haka aka saba. Ni da nake wanke aman mijina, ambulan ɗin hotonsa ne ya fi ƙarfina?

Na biyu. Majinyacin ba ya iya zaman mota. Ƙaninsa ɗaya tilo masunci ne a bayan Kirikasamma, ruwa ya cinye hanya, sai kwalekwale. Ko ya iso, bai iya karatu ba, ni zai miƙo wa. Wato dai gemu kuke nema, ba hankali ba.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Likita ya ce hoton da ya tsufa ba a fiɗa da shi, domin ciwon ba ya tsayawa inda aka gan shi. Yau mako biyar ke nan. Sau uku ina zuwa.

Roƙona biyu ne. A ba ni hoton ranar Litinin. In kuwa ya riga ya tsufa, a sake ɗaukarsa ba tare da an mayar da mu ƙarshen layi ba. Yanzu ko kunu ba ya zama a cikinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya. In kuma ya jarrabe ka da ciwo, ya ba ka mai tsaya maka, ya sa a saurare ta.

Wassalam.

Malama Hajara,
Hadejia.