Sukundireban Maigidana

Talata, 9 ga wata, ƙarfe biyu da kwata, a bencin ƙofar ofishin manaja.

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Umma? Auta ta fara jarrabawa?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Sai dai yau na hana jirgin sama tashi, da fasinja ɗari da arba'in a ciki. Ƙa'idarmu, bayan gyara sai an ƙirga kayan aiki. Na ƙirga sau uku, sukundireba ɗaya babu. Maigidana, dattijon da ya koya mini aikin nan, ya ce, "Ɗana, yana aljihun wani. Sa hannu a takardar sallamar jirgin kawai." Na ƙi.

Bayan minti hamsin aka tsince shi a ɗakin matuƙi, ƙarƙashin fedar da ake takawa. Lambar maigidana ce a jikinsa. Saura wata huɗu ya yi ritaya.

Yana ciki wurin manaja yanzu. Da zai shiga ya ce, "Ka yi daidai," amma bai kalle ni ba.

Ku sa shi a addu'a. Ban sani ba ko za su kore shi, ko za a kira ni shaida, ko gobe in na gaishe shi zai sake ce mini ɗana.

Ɗanku.