Rubutun Yaya Sani a Bayan AC

Talata da dare, Abbey Wood

Yau na cire tsohon AC ɗin jirgin ruwan Alhaji da ke kogin Thames. Shekara da shekaru marigayi Yaya Sani ke lallaɓa shi, a kansa ma ya koya mini aikin. A bayan injin na tarar da salatif da rubutun hannunsa: "Bala, kashe wuta tukuna, sarkin gaggawa."

Na roƙi Alhaji mu sake gyara shi. Ya ce, "Malam Bala, ya gama yayi, a kai bola."

Sabon da na saka yana sanyi, ba ƙara, amma raina babu daɗi. Na zo ɓamɓare salatif ɗin in adana, garin sauri ya yage gida biyu.

Ka yi gaskiya, Yaya. Allah ya jiƙanka.