Rasuwar Malam Mu-Leƙa da Littattafansa da ke Kulle

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Masu Binciken Ruwa da Ƙasa ta samu labarin rasuwar malaminmu kuma ubanmu a wannan aiki, tsohon Babban Jami'in Awo na Cibiyar Bincike, dattijon da kowa ya fi sani da Malam Mu-Leƙa, wanda Allah Ya yi wa cikawa da safiyar Talata bayan doguwar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara talatin da huɗu marigayin ya yi yana zagaya rijiyoyi ashirin da biyu na cikin gari da kewaye a kan tsohon babur ɗinsa, kowace Litinin, yana zura igiyar awo mai dalma a baki don sanin inda ruwa ya tsaya, kuma rijiyar gidansa ce lamba ɗaya a jerin. Laƙabinsa ya samo asali ne daga ɗakin taro, domin duk lokacin da gardama ta kaure tsakanin Farfesoshi da Daktoci, sai ya ɗauki hularsa ya ce, "To, ai rijiyar na nan, mu je mu leƙa." Shi ya koya mana cewa manyan masanan da duniya ke ji da su sai da suka sa ido a kan abu da kansu kafin su sa hankali, kuma in lissafinsu ya saɓa da abin da suka gani, lissafin suke gyarawa. Da biro yake rubutu, bai yarda da fensir ba, in kuwa ya yi kuskure sai ya ja layi ɗaya siriri a kai yadda na baya zai iya karantawa. Ɗalibin da ya kama da abin gogewa a aljihu ya san ranar bai fito da sa'a ba.

Da mun tsaya a nan da mun yi ta'aziyya irin wadda aka saba, amma da mun ci amanarsa karo na biyu. Shekara tara da suka wuce, awonsa ya nuna ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ja da baya kusan mita guda duk shekara, alhali rahoton da aka lissafa a kwamfuta ya ce lafiya lau. Aka kafa kwamitin mutum biyar, huɗu daga ciki shi ya koya musu riƙon igiya. Suka ce igiyarsa ta miƙe, idonsa ya tsufa, suka cire alƙalumansa da sunan kuskuren awo, aka yi masa ritaya da takarda mai layi uku. Bai yi faɗa ba, abu ɗaya ya roƙa, cewa wani daga cikinsu ya bi shi bakin rijiya ya auna da tasa igiyar. Babu wanda ya tashi daga kujera. Mai sa hannu a wannan sanarwa shi ne sakataren kwamitin, da kunnensa ya ji roƙon, kuma bai rubuta shi a bayanin taro ba.

Saboda haka ne ranmu ya sosu jiya da muka ga Mai Girma Shugaban Cibiyar, wanda ya jagoranci wancan kwamiti, ya fitar da saƙo yana kiran marigayin ginshiƙin bincike, har da alkawarin lambar yabo, alhali littattafan awonsa talatin da huɗu suna kulle a sito tare da karyayyun kujeru, kuma an sa ranar kwashe siton a ƙarshen wata. Sau uku maiɗakinsa, uwarmu, ta je neman su tun yana kwance, ana ce mata kayan hukuma ne. Da muka je gaisuwa ta ce mana, "'Ya'yana, me zan yi da lambar yabo? Ku dai karɓo mini rubutun hannun babanku." Ƙungiya na kira ga Hukumar Gudanarwar Cibiyar da ta miƙa wa iyalin waɗannan littattafai kafin ranar, ta kuma mayar da alƙalumansa cikin rahoton da sunansa a kai, ta bar kuskurenta a fili da layi ɗaya siriri.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwarmu, da 'ya'yansa shida, da jikokinsa, da ƙannensa, da ɗalibansa na kusa da na nesa. Allah Ya gafarta masa, Ya sa ya huta, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriya, mu kuma Ya yafe mana shirun da muka yi.

Ga wanda har yau yake shakkar igiyar Malam, babbar 'yarsa ta nemi mu sanar da shi cewa rijiya lamba ɗaya ta ƙafe bara, daidai shekarar da ya faɗa wa kwamiti za ta ƙafe. Ruwan da aka yi masa wanka da shi ranar Talata, daga wata unguwa aka ɗebo shi a jarka.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai na Ƙungiya,
ɗalibinsa na shekara goma sha ɗaya, wanda Malam yake kira Sarkin Gaggawa.