Hannun hagu a gasar Paris

Vénissieux, Lahadi da dare, 1986

Na dawo daga Paris, jikina duk ciwo. Gasata ta farko ke nan a wasan takobi. Na ci mutum biyu, na ukun ya fitar da ni, shi ma bahago ne kamar ni. Malaminmu yakan ce mutane ba su saba karawa da bahago ba. Ashe har da ni.

Kawu ya zo kallo, shi da ya sha buge mini hannun hagun nan da ludayi a Maradi in na ci abinci da shi. A gidansa, don gajiya, na kai hagu cikin tuwo. Na jira faɗa.

Ya ce, "Ɗana, wannan hannun ya yi aikinsa yau. Bar shi ya huta."

Na sauya hannu, na ci gaba da ci da dama.